Gwajin dutsen litiyam da hasken leza a Yauri: inda ya biya kuɗinsa da inda ya gaza

Tun da harkar litiyam, ma'adinin da ake yin batir da shi, ta buɗe a ƙasar Ngaski, musamman wajejen Libata, rigimar mai tono da mai saye ba ta wuce tambaya guda ba: fasen nawa ne? Mai tono ya rantse kayansa lamba ɗaya ne. Dillali ya ɗaga dutse ya juya shi a rana, ya taɓe baki, ya ce farin dutse ne kawai. A ƙarshe wanda ya fi ƙarfin baki ko ya fi kuɗi a aljihu shi ke yanke farashi, kuma galibi ba mai tonon ba ne. Shi ya sa da aka ce wani ya kawo na'urar gwaji ta hannu nan Yauri, mai harba hasken leza a jikin dutse ta faɗi abin da ke cikinsa nan take, na sa kaina cikin masu zuwa. Ni malamin kimiyyar sinadarai ne a makarantar sakandare, Yayana kuma yana sayen dutse daga hannun masu tono, don haka kai samfur ya zama aikina. Na yi ta zuwa wurin tun daga damina har zafin bazara, kuma ina ganin na ga abin da ya isa in yi magana a kai.

Aikin yana da kyau, kuma ya cancanci kuɗin da ake biya. Amma mutane da yawa suna fitowa daga shagon da takardar da ba ta nufin abin da suke zato, wani lokaci laifinsu, wani lokaci laifin shagon.

Ba zan faɗi sunan wurin ba. Mai shi kowa Injiniya yake ce masa, ni ma haka zan kira shi. Ɗaki ɗaya ne da rumfa a gaba, benci biyu, teburin katako da aka shimfiɗa wa leda, sai sola a kan rufi saboda cajin batir. Akwai guduma, turmin ƙarfe, rariya, da ɗan injin matsa gari da ake dannawa da hannu. Na'urar kanta tana cikin akwati mai soso, kuma ba ya barin kowa ya taɓa ta sai shi da yaronsa. Ban ga laifinsa ba, irin wannan kaya dubun-dubatar daloli ake sayensa. Tana da mariƙi da kunama, da ɗan allo a bayanta, da ƙaramin gwangwanin iskar agon da ake ɗaura mata. Za a manna bakinta a jikin dutse, a danna, ka ji ƙara ƙas-ƙas-ƙas da sauri, kafin ka gyara zama lambobi sun fito.

Wannan fasaha ita ake kira LIBS, kuma sanin yadda take aiki shi ne rabin sanin yadda za ka amfana da ita. Lezar tana fitar da haske a dunƙule, na ɗan lokacin da bai wuce 'yan kashi cikin biliyan na daƙiƙa ba, a tattara shi kan ɗigon da faɗinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Ƙarfin da ke cikin harbi ɗaya kaɗan ne ƙwarai, amma da yake an matse shi a wuri ƙanƙane da lokaci ƙanƙane, sai ya ƙone fatar dutsen ta zama tartsatsin da zafinsa ke kai wa digiri 10,000 ko fiye, wato ya zarce zafin saman rana da ke wajen digiri 5,500. A cikin wannan tartsatsi ƙwayoyin zarra suna rabuwa da juna, kuma idan sun fara hucewa kowane sinadari yana fitar da haske mai launinsa na kansa. Litiyam ja ne, a zangon nanomita 670.8 (nanomita ma'aunin zangon haske ne). Sodiyam rawaya ne, a 589. Fotasiyam yana can gefen ja mai duhu, wajen 766. Na'urar tana tsinke hasken launi-launi, ta auna ƙarfin kowanne, ta kwatanta da duwatsun da aka riga aka san abin da ke cikinsu.

Ranar da na fara ganin layin litiyam ya miƙe a allon, raina ya yi fari sosai, domin abin da nake nuna wa ɗalibaina ke nan da harshen wutar Bunsen, wato murhun gas na ɗakin gwaji, da 'yar waya: gishirin sodiyam ya ba da rawaya, na litiyam ya ba da ja jawur. Robert Bunsen da Gustav Kirchhoff ne suka kafa wannan ilimi a Jamus wajen 1860, kuma a 1861 suka gano sinadarin rubidiyam a cikin lefidolayit, wato wannan dutse mai ruwan shunayya da ɓawo-ɓawo da ake cika buhuna da shi a yau. Leza ba ta zo ba sai 1960, lokacin da Theodore Maiman ya haɗa ta farko a Amurka, kuma cikin shekara biyu masu bincike suka fara harba ta a jikin abubuwa suna karanta tartsatsin. Motar Curiosity da hukumar NASA ta sauke a duniyar Mars a watan Agustan 2012 tana ɗauke da irin wannan na'ura, tana harbin dutse daga nisan da ya kai mita 7. Na gaya wa 'yan ajina cewa abin da ke Mars yana nan cikin garinsu a kan teburin katako, wasunsu sai da suka je suka leƙa.

Tambayar da na fi ji a kan bencin jira ita ce, me ya sa ba za a yi amfani da ɗaya na'urar ba, wadda masu zinariya da kuza suka saba da ita? Waccan XRF ce, da hasken eksire take aiki, kuma gwana ce a kan ƙarafa masu nauyi: dalma, jan ƙarfe, kuza, tantalam. Ita ce ta yi aiki a Zamfara daga 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana auna ƙasar gidaje da ita. Amma litiyam shi ne na uku a jerin sinadarai, mara nauyi ƙwarai, kuma XRF ta hannu ba ta ganinsa sam. Daga wajen maganiziyam take farawa. Duk wanda ya manna maka XRF a dutse ya karanto maka fasen na litiyam, hasashe ya yi daga wasu sinadaran da ke tafiya tare da shi, kamar rubidiyam. Wannan kaɗai ya isa dalilin da ya sa na'urar Injiniya take da daraja a yankinmu.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi. Leza fata take karantawa. Abin da harbi ɗaya ke ƙonewa bai kai nauyin da sikelin maƙerin zinariya zai ji ba, kuma zurfin ramin da yake bari 'yan maikuromita ne, wato kashi cikin dubu na milimita. A jami'o'i wannan ba aibi ba ne, shi ma ake nema. Masu binciken fiziks da sinadarai suna harbin wuri ɗaya sau da yawa, kowane harbi ya ɗan ƙara nutsawa, su karanta fenti ko tsatsa ko rufin da aka yi wa ƙarfe hawa-hawa, su ga inda wannan ya ƙare wancan ya fara. A wurinsu saman abu shi ne abin bincike, domin a nan ƙarfe ke haɗuwa da iska ya yi tsatsa, a nan sinadari ke manne wa wani ya canja. Mu kuwa cikin buhu muke son sani, ga na'urar da aka gina don ta faɗi gaskiyar ɗigo ɗaya.

Na ga wannan da idona a kan wani dattijo da ya zo daga ƙauye da dutse a ƙulle cikin tsumma. Dogon dutse ne mai faɗi, bayansa ya yi fari fat kamar ya ruɓe, yana barin gari a hannu. Dillali ya riga ya ce masa banza ne. Injiniya ya manna na'ura a bayan dutsen, layin litiyam ya ɗago kaɗan. Dattijon ya fara naɗe tsummansa. Injiniya ya ce, “Baba, dakata, ba mu gama ba.” Ya ɗora dutsen a kan ƙarfe ya buga masa guduma, ya tsage gida biyu santal, cikinsa ya fito da ƙyalli, fari mai ɗan sirkin kore, da zane-zanen tsaye. Ya harbi sabuwar fuskar. Layin ya tashi har kusan saman allo. Ya juyo da allon ya ce, “Baba, ka ga wannan tsinin? Shi ne kuɗinka. Kunzayit ne mai kyau, ruwa da rana ne suka cinye bayansa.” Dattijon ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, “Yaro, Allah ya yi maka albarka, ka rubuta mini a takarda in kai musu.”

Abin da ya faru a dutsen ba sihiri ba ne. Sifodumin, wanda 'yan kasuwa ke kira kunzayit, idan ya daɗe kusa da saman ƙasa ruwa yana wanke litiyam daga fatarsa, ta koma laka-laka. Ka harbi baya, ka raina kaya mai kyau. Haka kuma abin yana juyawa ta ɗaya ɓangaren, kuma wannan ne ya fi cutar mai saye. Dutsen da litiyam ke zama a ciki manyan ƙwayoyi gare shi, ga kwaz nan, ga felsfa can, ga maika, ga sifodumin, kowanne da girmansa. Mai kaya zai zaɓo ƙwaya mafi kyau a buhu, a harbe ta, allo ya nuna lamba mai daɗi, a rubuta. Lambar gaskiya ce, amma gaskiyar wannan ƙwayar ce kaɗai. Sifodumin tsantsa ba ya wuce wajen kashi 8 cikin 100 na Li2O, wato litiyam haɗe da iskar oksijin, kuma kayan da aka tace ake sayarwa a kasuwar duniya wajen kashi 6 ake ƙayyade su. To idan takarda ta ce tirela guda da aka loda kai tsaye daga rami tana da kashi 7, ka san ƙwaya aka gwada. Mu mutanen shinkafa ne, kuma babu ɗan kasuwar da zai sayi buhun shanshera don ya ga tafin hannu ɗaya daga baki. Sai ya soke sama, ya soke tsakiya, ya soke gindi, a buhuna daban-daban. Haka ya kamata a yi wa dutse.

A nan ne na fi yaba wa Injiniya. Yana da gwaji iri biyu kuma ba ya ɓoye bambancinsu. Na farko harbin dutse ne kai tsaye, mai arha, don ka san ko akwai ko babu. Na biyu shi ne a ɗebo daga buhuna da yawa, a farfasa, a gauraya, a raba, a daka rabin ya yi laushi, a tankaɗe, a matse garin ya zama ɗan faifai mai santsi, sannan a harbe shi a wurare da dama a ɗauki matsakaici. Wannan ya fi tsada kuma yana cin lokaci, amma shi kaɗai ne za ka iya yin ciniki a kansa. Na lura kuma kafin ya fara aiki da safe yana harbin wasu faifai da ya zo da su, waɗanda aka riga aka tabbatar da adadin litiyam ɗinsu, don ya ga ko na'urar ta kauce daga saiti. Harbin farko-farko a kowane ɗigo ba ya shiga lissafi, na share ƙura ne. Idan samfur yana da danshi yakan ce a shanya tukuna, domin ruwa yana rage ƙarfin tartsatsin. Tsakanin samfur da samfur yana daka yashi mai tsabta a turmin ya zubar, kada garin wani ya shiga na wani. Wanda ya san ɗakin gwaji zai gane cewa mutumin ya koyi aikin a hannun waɗanda suka iya.

Sai dai duk wannan tsari yana tsayawa ne idan shi ke wurin kuma babu cunkoso. Ranar kasuwa, idan layi ya kai bakin titi, yaronsa ke riƙe na'urar, kuma na sha ganin ya manna ta a bayan dutse mai ƙura, harbi ɗaya, ya rubuta, na gaba. Ba mugunta ba ce, gaggawa ce, amma takardar da ya bayar iri ɗaya ce da wadda aka daka aka matse. Babu inda aka rubuta wane irin gwaji aka yi. Wannan babban gibi ne, domin takardar tana fita daga shagon ta shiga hannun mutanen da ba su ga yadda aka yi ba, a kafa hujja da ita.

Gibi na biyu ya fi wannan ɓata mini rai, don gyaransa bai wuce ƙara 'yan haruffa ba. Ana iya faɗin adadin litiyam ta hanya biyu: litiyam zalla, wato Li, ko litiyam haɗe da iskar oksijin, wato Li2O, wanda shi ne kasuwa ke ciniki da shi. Tsakaninsu ninki ne na 2.153. Dutsen da ke da kashi 2 na Li yana da kusan kashi 4.3 na Li2O. Takardar shagon “litiyam” kawai take cewa sai lamba. Na zauna a benci na ji mai tono da dillali suna neman dambe a kan kaya guda, ɗaya da takardar nan ɗaya da ta wani ɗakin gwaji, kowa na kiran ɗan'uwansa maƙaryaci, alhali lambobin biyu abu ɗaya suke faɗi. Na yi wa Injiniya maganar. Ya ce, “Malam, ai duk wanda ya tambaye ni ina faɗa masa.” Na ce masa wanda bai san akwai bambanci ba, ta yaya zai tambaya? Masu tono da yawa ba su yi boko ba, kuma su ne suka fi buƙatar takardar ta kare su.

Sai ƙura. A rumfar da mutane ke zaune ake daka, a bushe, gari na tashi yana sauka kan tufafi da kan tiren masu tallan gyaɗa. Garin kwaz yana lalata huhu sannu a hankali, kuma ba litiyam kaɗai ake kawowa shagon ba, har da duwatsun zinariya, waɗanda wasunsu ke tafe da dalma. Abin da ya faru a Bagega da Dareta da Yargalma, ƙauyukan nan na Zamfara, daga dakan dutse a cikin gida ya faro, yara suna wasa a ƙasar da garin ya zuba. Duk ɗan yankin nan ya san labarin. Ba na son in ga an mayar da shi abin da ya wuce. Yaron da ke daka yana ɗaura ƙyalle a hanci, wanda ba ya tare ƙura mai laushi. Ya kamata a ware wurin daka a bayan shago, a ba shi abin rufe hanci na gaskiya, a riƙa goge teburi da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Kuma don Allah kada wanda ya karanta wannan ya ce zai daka samfurinsa a gida a turmin abinci don ya rage kuɗi.

Game da ido, hasken irin wannan leza ba a ganinsa, kuma yana iya ƙona ƙwayar ido. Idan bakin na'urar ya manne da faifai mai santsi babu matsala sosai, amma dutse mai gargada yana barin kafa. Injiniya yana sa tabaransa na kariya, mu da muke leƙowa ta kafaɗarsa babu mai ce mana mu ja baya.

Ƙananan abubuwa kuma akwai su. Iskar agon daga nesa ake kawo ta, idan ta yanke aiki ya tsaya ko ya rage inganci, domin ita ke kore iskar waje daga bakin na'urar ta sa layukan su fito da ƙarfi. A tsakiyar bazara na'urar tana ɗaukar zafi sai an bar ta ta huce, don haka da safe ya fi. Ba ya karɓar bashi.

Akwai kuma abin da na'urar ba za ta iya ba ko da an yi komai daidai. Tana faɗin sinadaran da ke wurin, ba ta faɗin yadda suka ɗaure da juna, tunda ta riga ta wargaza su kafin ta karanta. Sifodumin da fetalayit duka litiyam ne da alminiyam da silikon da oksijin, tsarin ginin ne ya bambanta, kuma fetalayit ko tsantsarsa ba ya kai kashi 5. A cikinsa ne ma Johan August Arfwedson ya fara gano litiyam a Suwidin a 1817. Masu masana'anta sun damu da wanne ne, saboda sarrafa su ba ɗaya ba ne. Mai raba wannan gardama wata lezar ce daban, ta hanyar Raman, wadda ba ta ƙona komai. Tana haska dutse ne ta karanta ɗan canjin da hasken ya yi bayan ya taɓa shi, abin da C. V. Raman na Indiya ya gano a 1928 ya samu kyautar Nobel a 1930. Motar Perseverance da ta sauka a Mars a 2021 tana da duka biyun. Shagon Yauri ɗaya gare shi, sauran sai ido da gogewar Injiniya, kuma ya kan faɗa maka idan bai tabbata ba, abin da na ɗauka a matsayin alamar mutumin kirki.

Yadda muke yi yanzu ni da Yaya shi ne, sabon rami ko sabon mai kawo kaya, harbin kai tsaye ya wadatar, amma a fasa dutsen a gabanmu a harbi sabuwar fuska. Idan buhuna ne da za a biya kuɗinsu, mu muke ɗebo samfur da hannunmu, mai kaya na tsaye yana gani, a yi na daka da matsa, kuma ina tsayawa har sai an rubuta Li2O a gefen lambar da irin gwajin da aka yi. Idan kaya ya kai tirela, muna raba garin gida uku: ɗaya a nan, ɗaya a ajiye a ƙulle da sa hannun kowa, ɗaya a aika ɗakin gwaji na sosai inda ake narkar da samfur a auna, irin na hukumar binciken ƙasa da ke Kaduna. Can ana jira, kuma akwai kuɗin mota da na gwaji, amma tun da farashin litiyam ya faɗi warwas a 2023 bayan tashin da ya yi a 2022, ribar ta yi siriri, rabin fasen na iya zama bambancin riba da asara. A lokutan da muka kwatanta, sakamakon faifan Injiniya bai yi nisa da na ɗakin gwaji ba. Na harbin kai tsaye kuwa wani lokaci sama, wani lokaci ƙasa, ba a kama masa kai.

Takardar gwaji ba lasisi ba ce, wannan ma na ga wasu suna ruɗewa a kai. Izinin haƙa daga ofishin rajistar ma'adinai na tarayya yake fitowa, kuma babu lambar da allo zai nuna da za ta tsaya a madadinsa.

Wanda zai je, ya je da safe a ranar da ba ta kasuwa ba, ya tafi da busasshen samfur daga buhuna daban-daban, ya nemi Injiniya da kansa. Zuwana na baya-bayan nan na tarar an mayar da turmin bayan shago, amma takardar tana nan yadda take, kuma ya ce sai waɗanda ya buga sun ƙare zai sake bugo masu gurbin Li2O da gurbin irin gwaji.